Shin rediyo yana da amfani ga matan karkara masu ɗauke da HIV?

Mai Nazari:
Assalamu alaikum. Ina yawan jin cewa ƙungiyoyin agaji suna raba wa matan karkara masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV akwatunan rediyo, abin kuma yana ɗaure mini kai, domin a ganina mai wannan lalura ta fi buƙatar magani da kuɗin motar zuwa asibiti. Akwai amfanin da yake yi mata a zahiri, ko kuwa an zaɓe shi ne don ya fi sauƙin rabawa?

Malamar Jinya:
Wa'alaikumus salam, Malam. Magani yana gaba da komai, amma sai mace ta san yana nan kafin ta nema, kuma sai ta fahimci dalilin shansa kullum kafin ta daure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a ɗauki mataki ba, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran uwaye masu cutar suna kamuwa lokacin goyon ciki, haihuwa ko shayarwa, alhali da magani adadin yakan sauko ƙasa da kashi 5. Macen da ba ta iya karatu ba, takardar da aka miƙa mata a wurin awo ba ta gaya mata komai. Rediyo kuwa yana yi mata bayani da harshenta tana tsakiyar aikinta, kuma babu wanda zai nuna ta da yatsa don ta saurara, tunda maganar ta kowa ce.

Dattijon Zaure:
Na yarda da Malama, sai dai tambayar da ake tsallakewa ita ce: a hannun wa rediyon yake? A gidaje da yawa maigida ne yake sayen batir, shi yake zaɓen tasha, idan zai fita kuma ya tafi da abinsa. Shi ya sa rediyo mai amfani da hasken rana ko wanda ake wanawa da hannu ya dace da mata. Baturen Ingila Trevor Baylis ma ya ƙirƙiro mai wanawar ne bayan ya kalli wani shirin talabijin a kan yaɗuwar ƙanjamau a Afirka a 1991.

Uwar Marayu:
Baba, ina da ƙari a kan hanyar rabon. Idan masu cutar kaɗai aka ba rediyo, to an tona musu asiri, domin kafin yamma kowa ya san ma'anar ganinsa a ɗakin wance, tsangwama kuma ita ce take hana mata da yawa zuwa karɓar magani. Gara a ba ƙungiyar mata gaba ɗaya, su saurara tare, ma'aikaciyar lafiya ta zauna da su bayan shirin, wadda take da tambayar sirri kuma ta same ta a keɓe.