Idan aka kai ƙarar fada (limamin Katolika) kan lalata da yaro, ina maganar take zuwa?

Ladi: Salama 'yan'uwa. Idan iyaye suka kai ƙara wurin bishop cewa wani fada ya yi lalata da ɗansu, me dokar cocin Katolika ta ce a yi? In kuma bishop ɗin ne ya danne maganar, wa zai tuhume shi?

Malam Ishaya: Malama Ladi, bishop zai fara da binciken share fage, kamar yadda sashe na 1717 na dokar coci ya tanada, kuma yana iya dakatar da fadan daga aiki kafin a kammala. Muddin zargin yana da ƙamshin gaskiya, ba shi da hurumin kashe maganar a dayosis ɗinsa, wato yankin da yake shugabanta. Tun 2001, zamanin Paparoma John Paul na biyu, dole a aika fayil ɗin zuwa ofishin kula da koyarwar addini na Vatican, su ne za su faɗi irin shari'ar da za a yi. Hukunci mafi tsanani shi ne a tuɓe masa rigar limanci. Wa'adin kai ƙara shekara 20 ne daga ranar da yaron ya cika 18, amma Vatican tana iya ɗage shi.

Bitrus: Tambayarki ta biyu ce mai wuya. A watan Mayun 2019 Paparoma Francis ya kafa doka cewa kowane fada da sista dole su sanar da hukumar coci abin da suka sani, ban da abin da aka ji a wurin furta zunubi ga fada a asirce. Idan bishop ake zargi, babban bishop na lardin ne ke bincike da izinin Vatican. Matsalar ke nan: bishop ke binciken bishop, kuma sau da yawa ba a bayyana sakamakon. An ba kura ajiyar nama, in ji masu suka, kuma ban ga laifinsu ba.

Saratu: Malam Bitrus, ƙara da wannan: dokar ba ta tilasta kai rahoto ga 'yan sanda ba sai inda dokar ƙasa ta wajabta. Coci kuwa ba ta ɗaure kowa. Saboda haka a fara da asibiti da 'yan sanda, a adana saƙonnin waya, a kai wa dayosis ƙara a rubuce a riƙe kwafi. Sau da yawa daga wajen coci ake tona asirin: a Boston ta Amurka jarida ce ta tona lalatar limamai da yara a 2002. A Pennsylvania ta Amurka masu binciken gwamnati ne suka zaƙulo limamai sama da 300 da ake zargi da lalata da yara sama da 1,000 a 2018, galibi daga takardun da dayosis shida suka daɗe da kullewa.