Za mu Umara da jaririya 'yar wata biyar, yaya zan yi da kuka a jirgi?

Maman Sadik: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a taimaka mini da shawara. Bizarmu ta Umara ta fito, mako mai zuwa in sha Allahu za mu tashi daga Kano zuwa Jidda, ni da Baban Sadik da Sadik mai shekara uku da ƙanwarsa 'yar wata biyar. Yarinyar nan in ta tsandara kuka har maƙwabta sai sun leƙo. An ce mini kusan awa biyar za mu yi a sama. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, ina tunanin ta fara cikin mutane na rasa yadda zan yi da ita.

Hajiya Umma: Wa alaikumussalam. Masha Allah, Allah Ya kai ku lafiya Ya karɓi ibada. Kwantar da hankalinki 'yata, ba a kanki aka fara ba. Nono take sha zalla ko kin haɗa mata da madara?

Maman Sadik: Amin Hajiya. Nono ne zalla, ko ruwa ban fara ba ta ba.

Hajiya Umma: To ai kin gama rabin aikin. Maganinta yana jikinki.

Anti Nas: Ƙanwata, bari in faɗa miki abin da ke sa su kukan, in kin gane shi sauran mai sauƙi ne. Yawanci kunne ne. Tsakanin bayan dodon kunne da maƙogwaro akwai wata 'yar siririyar hanya da iska ke bi. Jirgi in ya yi sama, iskar da ke cikinsa takan koma kamar ta kan tsauni mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, in zai sauka kuma ta dawo da nauyinta ta danne dodon kunnen daga waje. Mu manya muna haɗiye yawu ko mu yi hamma, kunnen ya yi ɗas ya buɗe. Ta jarirai hanyar ƙarama ce, kuma ba su san su haɗiye da gangan ba, sai zafi ya taru. Shi ya sa za ki ga yaro ya yi barcinsa lafiya tun daga Kano, ana fara gangarowa ya farka da ihu.

Abin yi shi ne ki sa ta haɗiya a lokutan nan biyu, tashi da sauka. Amma ki lura da lokacin. Kada ki ba ta nono tun kuna zaune ana jiran a rufe ƙofa, don jirgi kan daɗe yana lallaɓawa a ƙasa, kafin ya ɗaga ta ƙoshi ta saki. Ki bari sai ya miƙe kan titinsa ya fara gudu. Saukar ta fi tashin zafi, kuma jirgi yana fara yin ƙasa ne kamar minti talatin kafin tayarsa ta taɓa ƙasa. Da kin ji naki kunnen ya fara toshewa, nata ma ya fara. In tana barci a lokacin ki tashe ta a hankali ki sa mata, mai barci ba ya yawan haɗiya.

Maman Sadik: Ikon Allah. Anti ni da nake ta addu'a ta yi barci har mu sauka.

Anti Nas: Ta yi barcinta a tsakiyar tafiya. Sauka dai a same ta tana tsotso. Kuma in duk kin yi wannan ta yi kukan, kada ki rikice, kukan kansa yana taimakawa wajen buɗe kunnen.

Baban Walid: Maman Sadik, ga saƙo ki isar wa maigidan. Ya saka haraminsa tun daga gida ko a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sanarwar miƙati ana yin ta ne ana saura kaɗan a sauka Jidda, daidai lokacin da Anti Nas ke magana. Nan za ki ga maza sun yi layi a ƙofar banɗaki kowa da farin yadinsa a hannu, jirgi ya ɗauki talbiya, yara duk su farka. In shi ma yana cikin layin, ke kaɗai za a bari da mai kuka a cinya da Sadik yana jan hijabinki. In ya shirya tun farko, niyya kawai zai ɗaura yana zaune, ya riƙe Sadik, ke ki ji da ƙaramar.

Maman Sadik: Wannan ko a mafarki ban kawo shi ba. Na gode Baban Walid, yanzu zan tura masa.

Maman Nana: Ni dai abin da na ga ana yi, a ba yaro rabin cokali na Piriton ko Phenergan kafin a shiga, ya yi ta barci har a isa. Wata maƙwabciyarmu haka take yi wa nata.

Anti Nas: Don girman Allah Maman Nana kada a yi. Phenergan an hana ba wa yaron da bai kai shekara biyu ba, a rubuce yake a takardar cikin kwalin, saboda yana iya danne numfashi. Piriton ma ba a ba wa wanda bai shekara ba. Ki duba inda za ku kasance: sama, iskar numfashi ta ragu a kan ta ƙasa, ba asibiti kusa. Yarinya ta yi nauyin barci uwa tana murna, alhali numfashinta ne ke raguwa. Sannan wasu yaran irin waɗannan magungunan birkita su suke yi, maimakon barci su yi ta fizge-fizge. Maganin tari mai kodin kuwa kada ma a kawo zancensa, ba na yara ba ne, kuma tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Abin da za ki riƙe a jaka farasitamol na yara ne, shi ma likita ya faɗa miki adadin daidai nauyinta, don zazzaɓi ko ciwo in ya taso.

Maman Nana: Subhanallahi. Zan gaya mata yau ɗin nan. Allah Ya saka Anti.

Hajiya Umma: Mu a da auduga muke cusa musu a kunne, mu ɗan lasa musu zuma a baki su yi shiru.

Anti Nas: Hajiyarmu a yi mini afuwa. Auduga za ta rage ƙarar inji, amma ba ta hana ciwon, don daga ciki ake buɗe kunnen. Zuma kuwa a jira sai ta cika shekara, hanjin jariri bai iya kare kansa daga wata ƙwayar cuta da akan samu a cikinta ba. Sadik dai a ba shi ya sha.

Hajiya Umma: To madalla, an ƙaru. Ku ne masu karatun abin.

Yaya Bilki: Na yi aiki a cikin jirgi kafin aure, bari in sa baki ta wajen kujera. Ki sa wanda ya yankar muku tikiti ya kira kamfanin tun yau ya ce akwai jaririya, a ba ku layin gaba da ke fuskantar bango. A manyan jirage akwai ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon nan bayan an tashi. Kaɗan ne, wanda ya riga nema shi ke samu, kuma yana da iyakar nauyi, wajen kilo 10 zuwa 11 a yawancin kamfanoni, 'yar wata biyar za ta shiga. In jirgi ya fara jijjiga aka kunna alamar bel, za a ce ki ɗauke ta ki rungume, kada ki ji haushi, don lafiyarta ne. Za su ba ki ƙaramin bel da ake zurawa cikin naki a ɗaura mata lokacin tashi da sauka. Kujerar ƙofar gaggawa ba a ba mai goyo, ko kin ga fili a wajen kada ki roƙa.

In ba a samu layin gaban ba ki zaɓi taga. Ki zauna jikin taga, Sadik a tsakiya, babansu a bakin hanya. Kin samu sutura ke nan, ki juya ki ja hijabi ki shayar ba mai ganinki, keken abinci ma ba zai bugi kan yarinya ba. Ki sa riga mai zif ko maɓalli a gaba. Doguwar riga rufaffiya a kujerar jirgi wahala ce, na sha ganin uwa tana kokawa da riga yaro yana ta tsala ihu.

Teburin canza famfas yana cikin banɗaki, a jikin bango saman masai, ana sauke shi ne. Ki canza mata dab da shiga jirgi, sannan ki sake kafin a raba abinci, don da an kwashe farantai layi ke tsayawa.

Maman Sadik: Yaya Bilki Allah Ya biya ki. Goyo fa? Ita in ba a baya ba ba ta yarda ta yi barci.

Yaya Bilki: Ki tafi da zaninki da majanyi a jakar hannu. Da an kashe alamar bel ki tashi ki goya ta, ki taka zuwa bayan jirgi wajen da muke haɗa abinci, ki tsaya kina jijjiga ta. Gunjin inji a can ya fi ƙarfi, shi da kansa yake sa su barci. Ki dai yi wa ma'aikatan magana, in ba lokacin rabon abinci ba ne ba za su hana ki ba. Tashi da sauka ne kawai dole ki sauke ta ta dawo cinya.

Maman 'Yan Biyu: Kowa na ta jaririya, ni Sadik nake ji. Ɗan shekara uku ya fi jinjiri wuyar sha'ani a jirgi, don shi yana da ƙafa da baki. Ki bar shi ya yi ta guje-gujensa a ɗakin jira har ya gaji, kada ki ce zauna. In an ce masu yara su fara shiga, babansu ya shiga da jakunkuna ya gyara waje, ke da yaran ku biyo a ƙarshe, in ma'aikatan sun yarda. Zaman jira cikin kujera kafin a tashi shi ke fara gundurar yaro.

Ki sayo ƙananan abubuwan wasa da bai taɓa gani ba, littafin zane da fensir mai launi, 'yar mota, sitika, ki ɓoye. Kada ki zube masa duka, ɗaya bayan ɗaya, in ya gaji da wannan ki fito da wancan. Ki sauke masa abin kallo a waya tun daga gida, ki rage sauti ko ki sa masa abin kunne. Abinci kuma ki riƙe wanda ya sani: cincin, biskit, ayaba, dabino an cire ƙwallo. Nawa ko kallon abincin jirgi ba sa yi. Lokacin sauka ki ba shi ruwa ko lemo ya zuƙa da tsinke, ko ku yi wasan hamma, wa ya fi buɗe baki. Alewa mai tauri da cingam ban yarda da su a shekarunsa ba, jirgi na girgiza sai ta sarƙe shi.

Ummu Hafsa: Gaisuwa daga Yamai. Ni ta Addis Ababa nake bi da yarana, ga abin da zan ƙara. Kaya kala biyu na jaririya a jakar hannu, ke ma ki sa riga da hijabi na canji, tumbuɗi ba ya sallama. Famfas ki ɗauki fiye da lissafinki saboda jinkirin tashi, da leda ta ƙulle mai datti. Cikin jirgi akwai sanyi, ki riƙe safa da hula da ɗan bargo, amma kada ki jibga mata kaya tun daga ƙasa, zafi ma na sa su kuka. Iskar ciki busasshiya ce ƙwarai, ke mai shayarwa ki yi ta shan ruwa. Ga masu ba da madara kuma, dokar nan ta kada ruwa ya wuce mililita 100 a jakar hannu ana ɗaga ta ga abincin jarirai, sai dai a fito da shi a nuna wajen bincike.

Anti Nas: Na manta abu biyu masu muhimmanci. In mura ta kama ɗayansu kafin tafiya, ko zazzaɓi, ko kika ga yaro na jan kunne, ki kai shi likita ya duba kafin ku tashi, toshewar hanci na ninka ciwon kunnen. Akwai ruwan gishiri na ɗigawa a hanci da ake sayarwa a kemis, yana sassauta majina. Na biyu, duk mai yaro sikila a zauren nan, kada a hau jirgi da shi sai an ga likitansa. Ƙarancin iska da sanyi da bushewar jiki duk suna iya tayar da ciwon.

Maman Sadik: Alhamdulillahi su biyun AA ne. Amma gaskiya Anti har yanzu idon mutane nake ji. Na taɓa ganin wani mutum ya juyo ya daka wa wata baiwar Allah tsawa a jirgin Legas, wai ta rufe wa ɗanta baki. Har muka sauka tana share hawaye.

Malama Asiya: Wannan bai kyauta ba ko kaɗan. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita saboda sanin halin da uwar ke ciki. Uwar ya duba. Ke dai ki yi musu addu'ar tsari kafin ku fita, ki yi ta hawa abin hawa, in ta fara kuka ki sa bakinki kusa da kunnenta kina karatu a hankali, muryarki ta sani. Jariri yana jin bugun zuciyar uwarsa, in kin firgita ita ma sai ta ƙara.

Baban Walid: Kuma mu maza mu ji tsoron Allah. Ba daidai ba ne uba ya toshe kunne ya rufe ido kamar bai san masu yaran ba. Ka karɓa ka saɓa a kafaɗa ka taka da ita, uwar ta samu ta ci abinci. Na lura in yaro na hannun ubansa ba mai iya juyowa ya yi tsawa.

Hajiya Umma: Jirgin Jidda kuwa cike yake da iyaye da kakanni. Ki gaishe da na kusa da ke tun kuna zama, ki ce Hajiya ga jikarki nan, a yi haƙuri da mu. Za ki ga har miƙo hannu ake a karɓa.

Yaya Bilki: Ki duba takardu tun yau kuma. Jaririya tana da nata fasfo da biza da tikiti ko da a cinya za ta zauna. Katin allurar shawara na Sadik da naku ku sa a jakar hannu, ita ba ta isa ba tunda sai wata tara ake yi, amma ki riƙe katin rigakafinta na asibiti.

Maman Sadik: Duk suna hannu Yaya. Na kira mai tikitin yanzu, ya ce zai nema mana layin gaban ya sanar da ni gobe. Jibi zan kai su asibiti a duba kunnuwan a rubuta mini adadin farasitamol ɗin. Allah Ya saka wa kowa da alheri, zan sa ku a addu'a gaban Ka'aba.

Hajiya Umma: Amin. A gaishe da Baban Sadik, Allah Ya tsare hanya.

Maman 'Yan Biyu: Amin. Ki tuna agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, daren farko kada ki matsa musu barci da wuri. In kun dawo ki faɗa mana ko an samu gadon, ƙanwata ma za ta bi hanyar da nata jaririn.