Shin "extrinsic" da "zahiri" abu ɗaya ne?

Malam Lawal, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina shirya darasi ga ɗaliban horon malanta a kan abin da ke zaburar da yaro ya yi karatu, sai na fassara kalmar "extrinsic" da "na zahiri", kishiyarta "intrinsic" kuma da "na baɗini". A ganina hakan daidai ne, domin kalmar tana nufin abin da yake waje, kuma abin da yake waje shi ido ke gani. Wani abokin aikina ya ce na kuskure, amma bai kawo hujja ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Malama Hauwa, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Malam, abokin aikin naka yana kan hanya. Asalin kalmar daga Latin ne, "extrinsecus", wato "daga waje", kuma ta shiga Turanci ne a ƙarni na 16. Nauyin maganar yana kan "daga" ɗin nan. Tsawon mutum da launin fatarsa zahiri ne, kowa yana gani, amma nasa ne, da su aka halicce shi, don haka Bature ba zai kira su da wannan kalma ba. Zama surukin wani kuwa ba a ganinsa a fuska, amma ya shiga ƙarƙashinta, domin ya rataya ne a kan wani mutum dabam, kuma ranar da auren ya mutu sunan ya faɗi.

Alhaji Garba, Kawo: Malama, ki yi mini haƙuri, ni ina tare da Malam Lawal. Duk inda na ci karo da kalmar a rubutu, a kan dukiya da muƙami da tufafi ake magana, kuma babbar riga da rawani da mota ai ido ne shaidarsu. Ɗalibin da ya taso yana jin "zahiri da baɗini" tun a makarantar allo zai kama darasin nan take, ba sai an kai shi Latin ba.

Malama Hauwa: Ranka ya daɗe, riga da rawani sun haɗa siffofin biyu ne, ana ganinsu kuma daga waje suka zo, shi ya sa suke ruɗa mu. Abin da ya tsaya a gani kawai, irin kyan ɗan maciji, "superficial" ake ce masa, kuma a cikinta akwai ɗan zargi wanda babu shi a kalmar da muke magana a kai.

Dakta Aminu, Barnawa: Bari in sa baki daga ɓangaren aikinmu. Tsokokin da suke lanƙwasa yatsu da ƙarfi ba a tafin hannu suke ba, suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ne, kuma a ilimin sassan jiki "extrinsic" ake kiransu, saboda daga wajen tafin suke aiko da motsin. Alhaji, ka dunƙule hannunka na dama, ka ɗora yatsun hagu ƙasa kaɗan da gwiwar hannun, za ka ji naman ya yi tauri. Suna lulluɓe da fata, babu mai ganinsu. Idan na ce wa ɗalibi "tsokokin zahiri", to na ɓatar da shi.

Malam Lawal: Wannan misali ya kama ni, Dakta. Ya kuma tuna mini farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da na ga mai gwanjo a Kasuwar Barci yana juya takardar naira 1,000 ta tsohon samfuri a hannunsa, sabuwa fil ba ko lanƙwasa, sannan ya miƙa wa mai ita abarta. Zahirin takardar bai canza ba ko kaɗan, darajar da hukuma da yardar jama'a suka ɗora mata ce ta girgiza. To amma me zan rubuta a allo?

Malama Hauwa: Ka rubuta "zaburarwa daga waje" da "zaburarwa daga zuci". A 1971 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Deci, ya biya wasu ɗalibai kuɗi don su warware wasan wasa ƙwaƙwalwa, da aka daina biya sai sha'awarsu ga wasan ta ragu, alhali waɗanda ba a taɓa biya ba tasu ba ta ragu ba. Abin da ya auna shi ne inda dalilin yin aikin ya fito, ko daga ran ɗalibin ko daga aljihun wani. Yaron da yake hadda don tsoron bulala ma yana cikin wannan sahu, kuma tsoro ai a zuci yake ɓoye, ba za ka ce masa zahiri ba.

Alhaji Garba: Na sallama a kan tsoka da bulala. Sai dai "daga zuci" ba zai yi wa zinare aiki ba idan ana maganar darajarsa ta asali, tunda zinare ba shi da zuciya. A nan ina ganin "na zati" ya fi dacewa, ko da yake Malam Lawal ba darasin zinare zai koyar ba ranar Litinin.