Wane gem ɗin mutum ɗaya ne ya fi tsaya muku a rai? Ina neman shawara

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau sati biyu kenan da na yi hatsarin babur, ƙafa ta karye, mai ɗori ya ce sai na yi kamar wata biyu a zaune. Yayana ya kawo min na'urar gem ɗinsa PS4 ta ɗebe min kewa, to amma bal ce kawai a ciki, ita kuma bal in ba abokin bugu ba ta da armashi, gari na wayewa kowa ya fice kasuwa ko makaranta a bar ni ni kaɗai a ɗaki. Kuɗin kaset ɗaya gare ni, shi ya sa ba na son in yi sayen da-na-sani. Rabona da gem mai labari tun San Andreas a PS2, har yau ina tuna mishan ɗin nan na bin jirgin ƙasa a kan babur da Big Smoke a baya, kwana uku na yi kafin na wuce shi. Don Allah kowa ya faɗa min wanda ya fi so a duk wanda ya taɓa bugawa, da dalili.

Mai gidan gem: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ka lafiya ƙanina. Ni ba na ko tantama, Red Dead Redemption 2. Kamfanin da ya yi San Andreas ne ya yi shi, Rockstar, ya fito 2018. Kai ne Arthur Morgan, ɗan gungun 'yan fashi a Amurka a shekarar 1899, hukuma na bin ku kuna ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. Abin da ya kama ni ma dokin ne wallahi, sai ka goge shi ka ba shi abinci, in ka kula da shi ya saba da kai, in ya mutu kuma ya mutu kenan. Akwai ranar da na yi awa biyu ban taɓa mishan ba, kamun kifi kawai nake a bakin rafi hadari na haɗuwa. Mai wata biyu a zaune wannan nasa ne, labarin kaɗai ya haura awa 40. Sai dai ka duba kafin ka biya, faifai biyu ne a cikin kwalin, ɗaya na lodawa ɗaya na bugawa, in ɗaya aka miƙo maka kar ka karɓa. Kuma yana cin wuri kusan 100GB, ka loda shi lokacin da wuta ta zauna.

Tsohon ɗan PS2: Sannu da jiki ɗan uwa. Ban ƙi maganar oga ba amma gaskiya farkonsa akwai nauyi, kuna ta tafiya a hankali cikin ƙanƙara, da yawa a nan suke ajiye hannu. Ni God of War na 2018 ne nawa. Kratos, jarumin gem ɗin da muka sani da fushi, ya manyanta, shi da ɗansa Atreus za su kai tokar mahaifiyar yaron ƙololuwar dutse, kuma kyamara ba ta yankewa tun daga farko har ƙarshe. In ka wurga gatarin Kratos ka danna ya dawo hannunka sai ka ji hannun gem ɗin ya girgiza. Shi ya ci kyautar gem ɗin shekara ma, ya doke Red Dead ɗin.

Maman biyu: Allah ya ƙara sauƙi ƙanina. Ni The Last of Us ne ya sa ni hawaye tun a mintunan farko, amma gajere ne, awa 15 ka gama, ba zai kai ka wata biyu ba. Abu ɗaya zan ce, in wani ya ce maka The Witcher 3 to gem ne mai kyau sosai amma akwai tsiraici a ciki, ba na bugawa a falo gaban yara ko su Hajiya ba ne.

Ɗan kwana: Red Dead ɗin dai. Wallahi wajen da Arthur ya je gun likita

Mai gidan gem: Haba malam, tsaya nan don Allah, kar ka ɓata masa labari.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Red Dead ɗin zan aika a sayo gobe in sha Allah, tafiyar hawainiyar ba za ta dame ni ba tunda lokaci ne da ni. Oga tambaya ɗaya, Turancinsu ana ganewa kuwa? Kuma sai da intanet yake tashi?

Mai gidan gem: Ba ya buƙatar intanet, labarin yana tashi haka nan. Turancin ƙauyen Amurka ne, suna haɗiye kalmomi, ka shiga saitin ka kunna rubutun ƙasa tun daga farko. In ka iso babi na biyu ka zo ka ba mu labarin dokin da ka zaɓa.