Musayar Waƙa: Ɗan Janar da Tsintsiyar Nashville

Sarkin Alƙalami

Assalamu alaikum, ma'abota baiti. Batun da na kawo a wannan mako shi ne rayuwar Kris Kristofferson, marubucin waƙoƙin kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, wanda aka haifa a garin Brownsville na jihar Texas a 1936, ya kuma rasu a tsibirin Maui na jihar Hawaii ranar 28 ga Satumba, 2024, yana da shekara 88. Ya yi suna ne a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri. Na zaɓi ƙwar huɗu, babban amsa-amo kuma shi ne "ya", don haka duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan fara,
Na ɗau alƙalami in tsara
Labarin wanda ya ƙi tara
Muƙami, ya zaɓi tsintsiya.

Ɗan janar ne, ɗan gata,
Oxford ya je ya karanta,
Adabin Ingila ya nazarta,
Ya dawo soja da juriya.

Ya zam kyaftin, ya san tuƙi
Na jirgin ungulu don yaƙi,
A Jamus can ya yi aiki,
Da kaki fes, cikin lafiya.

West Point ta kira shi koyarwa,
Ya ce a'a, yana da baiwa,
Nashville ya nufa ba juyawa,
Ya sai da daɗi, ya sai wuya.

Baba Tsohon Soja

Wa alaikumus salam, ɗana. A 1965 aka ba wannan mutumi aikin koyar da adabi a West Point, makarantar da ke yaye hafsoshin sojan Amurka, kuma duk wanda ya taɓa sa kaki ya san girman abin da ya ajiye. Ka faɗi rabin labari, bari in cika maka sauran.

Ɗana, ka iya zaƙin faɗi,
Ka ɗauko wauta ka sa mata kiɗi,
Wa ke barin gida mai faɗi
Ya koma kwana a rariya?

Uwa ta ɗau biro ta rubuta,
Ya ja wa dangi kunyata,
Ta ce ya daina zuwa gunta,
Ina riba ga rashin tarbiyya?

Aure ya mutu, yara ƙanana,
Bashi ya hau shi dare da rana,
Ka ce mini baiwa ce, ɗana?
Baiwar da ta bar gida da tsiya?

Gimbiyar Zazzau

Baba, ina neman afuwa tun kafin in fara, domin abin da zan faɗa ba zai yi maka daɗi ba. Sharar da kake rainawa a sutudiyon kamfanin faya-fayai na Columbia da ke Nashville ya yi ta, inda yake kwashe guntayen taba daga farantan toka a daidai lokacin da shahararren mawaƙi Bob Dylan ke ɗaukar faifai a can a 1966. Bayan haka ya riƙa jigilar ma'aikata da jirgi mai saukar ungulu zuwa rijiyoyin man da ke cikin tekun Meziko, kuma a can ya rubuta wasu daga cikin waƙoƙin da suka ɗaga sunansa.

Baba, ka ƙame ka sara,
Shekara talatin kana tara
Igiya a kafaɗa, ka ƙara,
Wa ya san sunanka a duniya?

Shi da ya kwashe tokar taba
A ɗakin ɗaukar sauti, Baba,
Ido da kunne suna duba
Yadda ake sarrafa murya.

Ya yi jigila a saman teku,
Rijiyoyin mai, ba barikinku,
Can ya ƙulla baitin da ya fi naku,
Yana zaune bisa bakin rijiya.

Ɗan Autan Majalisa

Allah ya ƙara basira, Hajiya Gimbiya. Tun da nake bibiyar wannan majalisa ban taɓa ganin wanda ya kara da Zazzagawa ya tashi da rawaninsa a kai ba, kuma ina shawartar Baba da ya karɓi wannan a matsayin ritaya ta biyu.

Ɗan Aruli

Kafin a raba kyauta, ya kamata a auna kaya. Ɗango na biyu a baitin Baba na farko yana da gaɓa 11, alhali na farko da na uku suna da tara-tara, sannan ya kawo "faɗi" sau biyu a ƙaramin amsa-amo, ko da yake na farko magana ce, na biyu kuma yalwa. Ita ma Hajiya ba ta tsira ba, domin "tara" da ta ɗaura a baitinta aro ne daga baitin buɗewa.

Baba, ɗangonka na ɗingishi,
Ya ɗau kaya har yana nishi,
Rage masa biyu ka sallame shi,
Ya samu ya kai gida lafiya.

Baba Tsohon Soja

Na san ƙafa tun kana goyo,
A filin fareti na yi koyo,
Tulun iliminka yana yoyo,
Ka kai shi gyara, ka bar fariya.

Sarkin Alƙalami

Malam Ɗan Aruli, da girmamawa nake cewa ƙidayar gaɓa kaɗai ba ta yanke hukunci a rubutacciyar waƙar Hausa, domin abin da ake aunawa shi ne nauyi, kuma a karuruwa da dama gaɓoɓi biyu marasa nauyi suna iya zama a gurbin guda ɗaya mai nauyi. Idan ka rera ɗangon Baba da baki, za ka ji cewa "mata" tana wucewa a bugu ɗaya.

Ɗan Aruli

Na rera shi sau uku, Malam, kuma ko an yafe wa "mata", saura gaɓa guda tana lilo a waje ba ta da gurbi. Tunda kuma ka shigo da kanka, ina son ka gaya mini karin da ka hau a ɗangon da ya fara da "West Point", domin na gwada Mutadarak na gwada Rajaz, duka sun kayar da ni.

Ɗan Autan Majalisa

Wanda kari biyu suka kayar a rana ɗaya bai kamata ya zargi doki ba.

Direban Dare

Jama'a, an bar mai waƙa a tsaye da tsintsiya a hannu ana faɗa a kan sikeli. Na shigo a makare, amma ga abin da ya fi burge ni a labarinsa.

Ya aika wa Cash waƙa ya gaji,
Ba amsa, ba alamar an ji,
Sai ya tuna da tuƙin soji,
Ya sauke jirgi a farfajiya.

Baba Tsohon Soja

Wannan ma wata shaidar ce a gare ni. Mutum ya ɗauki jirgin da ba nasa ba ya dira a gidan Johnny Cash, babban mawaƙin kantiri, don kawai a saurari waƙarsa, kuma kuna tafa masa. Da a ƙarƙashina yake, a gadurum zai kwana.

Sarkin Alƙalami

Saukar jirgin ta faru, amma mutanen biyu sun saɓa a kan yadda ta kasance. Cash ya riƙa ba da labarin cewa baƙon nasa ya fito da giya a hannu ɗaya da waƙa a ɗayan, shi kuwa Kristofferson ya musanta batun giyar, ya ma ce a tunaninsa mai gidan ba ya nan a ranar. Abin da babu gardama a kai shi ne abin da ya biyo baya. A 1970 Cash ya rera waƙar da Kristofferson ya rubuta, "Sunday Mornin' Comin' Down", wadda ke bayyana kaɗaicin mutumin da ya farka da safiyar Lahadi bayan daren shaye-shaye yana kallon masu iyali suna harkarsu, ƙungiyar mawaƙan kantiri ta CMA kuma ta zaɓe ta waƙar shekara. A wannan shekarar Ray Price ya kai wata waƙarsa, "For the Good Times", matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, sannan a 1971 "Me and Bobby McGee" ta hau kan dukkan waƙoƙin Amurka da muryar Janis Joplin, wadda ta rasu a Oktoban 1970 ba ta ga hakan ba.

Bayan ya sha wuyar shara,
Sai ga damina ta fara,
Rumbu uku ya cika ya ƙara,
Baba, wannan ce rariya?

Ɗan Aruli

Ka sake komawa kan "fara" da "ƙara", amma na bar wannan. Ku lura cewa duk waƙoƙin da ka lissafa, bakin wasu ne ya kai su kasuwa, kuma shi da kansa ya taɓa kwatanta muryarsa da ta kwaɗo.

Tela ne shi, gwanin ɗinki,
Wasu ke sawa su je biki,
In ya buɗe nasa baki,
Kwaɗo ya fi shi zaƙin murya.

Gimbiyar Zazzau

Malam mai sikeli, ɗangonka na biyu ya fi na farko da gaɓa ɗaya, don haka ka fara gyara gidanka. Sannan ka manta cewa a 1973 da bakinsa ya rera "Why Me", waƙar tuba ce ta mai ganin bai cancanci alherin Ubangiji ba, kuma ta kai matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri da wannan muryar da kake yi wa dariya.

Kwaɗon nan da ya yi kuka,
Ƙasa ta yi tsit, an bar suka,
Kai mai awo, ina naka,
Ko baiti ɗaya mai shiga zuciya?

Baƙon Damagaram

Ku yi mini uzuri, kwana uku ban leƙo ba, kuma amsata ga maganar Baba ta farko ce. Baba, ina ganin abin da ya sa labarin ya sosa maka rai shi ne mun san irinsa a gida, domin a wurinmu ma idan ɗan babban gida ya ɗauki gurmi, dangi ba su cika yi masa guɗa ba. Sai dai wannan mutumi ya rayu har ya ga ƙarshen zaɓinsa. Ya fito a fim tare da Barbra Streisand a 1976 ya samu kyautar Golden Globe, ya haɗu da Cash da Willie Nelson da Waylon Jennings a ƙungiyar Highwaymen a 1985, aka kuma shigar da shi zauren girmama gwanayen kantiri na Nashville a 2004. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsufansa, lokacin da mantuwa ta kama shi har aka zaci cutar Alzheimer ce, sai a 2016 gwaji ya nuna cutar Lyme ce, wadda ake ɗauka daga cizon kaska.

Tsufa ya zo da mantuwa,
Likita ya ce ta ƙwaƙwalwa,
Ashe cizon kaska ne, 'yan'uwa,
Ya ɓuya shekaru a jijiya.

Baba Tsohon Soja

Na gode, ɗan Damagaram, kai kaɗai ka yi mini magana da ladabi. Jiya da dare na sa jikana ya sauko mini da tsohon akwatin ƙarfe na zamanin bariki, inda faya-fayen Jim Reeves da Don Williams suke jibge, domin su muke saurare a lokacin. A cikinsu na samu na Johnny Cash, na goge ƙurar da gefen rigata, na sa tabarau, na kai takardar tsakiyar faifan kusa da fitila. Shekaru da dama na yi ina jin waƙar safiyar Lahadin nan ban taɓa karanta ƙananan haruffan da ke ƙasan sunanta ba.

Na ga sunan, ƙanƙane ne,
Ƙarƙashin na Cash a manne,
Na yarda hannunsa gwani ne,
Amma ina hakkin mahaifiya?

Ɗan Aruli

Baba, baitin ya yi kyau, kuma ban saba faɗin haka ba. Sai dai ɗangon ƙarshe yana da gaɓa 10, alhali na farko da na biyu suna da takwas-takwas, saboda haka idan ka cire "amma" zai zauna daram.

Baba Tsohon Soja

Ka cire duk abin da kake so a cikin baitin, ɗana, ban da wannan "amma" ɗin.