Albam ɗin farko na Arctic Monkeys: wa ya ji shi a lokacin da ya fito?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suke Ingila a farkon 2006, ko suka bi labarin daga gida. Ranar 23 ga Janairu na shekarar kamfanin faya-fayai na Domino ya fitar da "Whatever People Say I Am, That's What I'm Not", albam ɗin farko na ƙungiyar mawaƙa Arctic Monkeys, samarin nan huɗu 'yan Sheffield. A makon farko aka sayar da sama da 360,000, kasuwar da babu wani albam na farko da ya taɓa yi a Birtaniya kafin nan. Mujallar kiɗa ta NME ta ba shi maki 10 cikin 10, kuma tun bai yi wata guda ba ta sa shi na 5 a jerin albam mafi kyau a tarihin ƙasar, har gaban na Beatles. Ku da kuka saurara a lokacin, yabon ya dace da abin da kunnenku ya ji?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ni a Sheffield nake lokacin, ina digiri na biyu, dare kuma ina gadin ƙofa a wani gidan rawa don in haɗa kuɗin haya. Saboda haka ba daga mujalla na fara jin su ba. Tun a 2005 yaran da ke layi a bakin ƙofata suke rera waƙoƙin baki ɗaya, alhali babu faifan a kasuwa. Ashe a wuraren wasa samarin suke raba faifan gwaji kyauta, masoya kuma suka zuba su a intanet.

Da albam ɗin ya fito abokin aikina, wani Bajamaike, ya kunna mini a mota, ya ce saurara, da mu ake. Wallahi da mu ake. Akwai waƙa guda kan masu gadin ƙofa da ke juya yaro baya bayan ya sha sanyi a layi, wata kan rigimar samun tasi da tsakar dare, wata kan 'yan sanda da yara masu shan giya ba su kai shekaru ba. Duk abin da nake gani daga ƙarfe goma zuwa uku na dare ne: yarinya riƙe da takalmanta a hannu tana tafiya ƙafa ba takalmi a kan titi mai jiƙe, saurayi yana rantsuwa ya kai 18 gemu ko ɗigo babu. Alex Turner, mawaƙinsu mai rubuta baitukan, yana da shekara 20 lokacin, amma idonsa na dattijo ne. Masu sharhi da suka yabi rubutun waƙar ba su yi ƙarya ba.

Maman Ilham: Baban Khalifa, kai dai an taɓo sana'arka ne. Ni a Landan nake lokacin, kuma saboda surutun jaridu na saya. Na sa a kunne cikin jirgin ƙasa ina jiran abin al'ajabi, sai na ji jita da ganga suna gudu kamar an biyo su, waƙa ta ƙare wata mai kama da ita ta fara. Ban ce ba daɗi ba. Amma a ce ya fi Beatles? Haba. Na fi yarda da masu sharhin kiɗa na shafin Pitchfork na Amurka da suka ba shi 7.4. Jaridun kiɗa na Ingila a shekarun nan kullum cikin neman sabon gwarzo suke, bayan ƙungiyar Strokes suka koma kan ƙungiyar Libertines, da waccan ta watse sai ga waɗannan. Ai shi kansa Turner a farkon bidiyon waƙarsu da ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya a Oktoban 2005 sai da ya ce kada a yarda da zuzutawar.

Na Damagaram: Ni ban taɓa taka Ingila ba. Yayana ne ya zo hutu da faifan a jaka. Turancinsu na Sheffield ko rabi ban kama ba, gangar makaɗinsu Matt Helders ce ta riƙe ni. Sai daga baya na karanta baitukan a shagon intanet na gane labari ne ake bayarwa.

Malam Tsoho: Hajiya Maman Ilham, akwai gaskiya a maganarki, amma ki lura da wa ya bi wa. Ba masu sharhi ne suka yi yaran nan ba. Kafin wani ɗan jarida ya ɗaga alƙalami ɗakunan wasa sun cika, mutane sun haddace waƙoƙin. Mujallun sun ga jama'a ta yi gaba, sai suka ƙara murya don kada a ce an bar su a baya. Daga nan ne maki 10 ya fito, a ganina. Na kalli daren kyautar Mercury ta 2006, wadda ake ba albam mafi kyau na shekara, a talabijin tare da maƙwabta Turawa. Da aka kira sunansu a matsayin waɗanda suka ci, Turner ya ce a kira 999, lambar kiran gaggawa, an yi wa Richard Hawley fashi, wato mawaƙi ɗan garinsu da shi ma yake takara. Maƙwabcina, tsohon ma'aikacin ƙarfe, ya ce yaron ya fi alƙalan sanin gaskiya.

Maman Ilham: To Malam, ka ga ko su ba su ɗauki kansu yadda aka ɗauke su ba. Kuma ban manta hoton bangon faifan ba, wani abokinsu da sigari a baki, har wani jami'in lafiya a Scotland ya yi ƙorafi. Ni sai da na juya bangon ciki kafin in ajiye shi a falo.

Baban Khalifa: Hajiya, sake sauraron rabi na biyu, nan suka rage gudu, kuma waƙar ƙarshe ta fi duk sauran. Matsayi na 5 kam na bar miki, bai kai ba.