Mainos sau mainos ya zama fulos, ta yaya zan fahimtar da 'yan JSS2?

Malamar Lissafi Arkilla:

Assalamu alaikum malamai, don Allah a taimaka min wallahi abin ya sha min kai. Wannan ne zangona na biyu ina koyar da lissafi a JSS2 a wata makarantar gwamnati nan cikin garin Sakkwato, yara sun haura 70 a aji ɗaya. Mun zo kan ninka lambobi masu fulos da mainos sai na rubuta masu ƙa'ida a allo yadda aka yi mana muna yara, fulos sau fulos fulos, mainos sau fulos mainos, mainos sau mainos fulos, suka dinga rera ta kamar karatun allo har ajin da ke maƙwabtaka da mu suna amsawa. Na ce to alhamdulillahi an wuce wurin. Ran Laraba na ba su tes, (-4) × (-3) kusan kowa ya ci, amma da na saka (-4) + (-3) a tsakiya sama da rabin aji +7 suka rubuta min! Wata yarinya da ke zama a bencin gaba, mai ƙoƙari ce sosai, ta ce "Malama ai ke kika ce in mainos biyu suka haɗu fulos ne." Ban gama ba ta amsa ba ta ƙara da cewa wai in ana bin babanta bashi ya je ya ƙara cin wani bashin kenan ya zama mai kuɗi? Aji ya kwashe da dariya ni ma na dara, amma tsakani da Allah ba ni da amsar da zan ba ta don ni ma haddacewa na yi. Litinin zan koma kan darasin, me zan ce masu?

Tsohon Hedimasta Gidan Igwai:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Yarinyar nan ki riƙe ta da kyau, irinsu ne ka zama malaman gobe. Na yi sama da shekara 30 ina riƙe da alli kahin in aje aiki, kuma wanga kuskure na +7 babu shekarar da ban gan shi ba. Laihin ba na yara ba ne, na waƙar nan ne ta "mainos biyu fulos", ki daina hwaɗinta kwata-kwata, in za ki hwaɗa to ki cika ta, ki ce mainos SAU mainos.

Bashin da ta kawo miki shi ne maganin abin, ki amshe shi daga hannunta. Ki zo da tsohon littahi ki ce wanga littahin bashi ne na mai shagon unguwarku. Ki kira yaro guda ki ce ya amshi sukari na naira 200 bashi, anka rubuta, gobe ya koma anka rubuta, jibi ma haka. An rubuta bashi sau 3, kenan 3 × (-200) = -600, wanga babu yaron da ba ya gane shi don kullum ana aikensu shago. To sai ki ce azumi ya zo, mai shago ya ce don Allah ya yahe, ya ɗauki biro ya soke layi ukun nan duka. Ki soke su gabansu da hannunki, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sai ki tambaye su, yaron ga ya ci gaba ko ya ci baya? Da nawa? Su da kansu za su ce miki ya ci gaba da 600. Lokacin ne za ki rubuta (-3) × (-200) = +600. Mainos na farko ba bashi ba ne, sokewa ce, na biyun shi ne bashin. Abin da ɗiyar nan ta hwaɗi kuwa, cin bashi bisa bashi, tarawa ce ba ninkawa ba, bashin 4 da bashin 3 bashin 7 ne ko gaban alƙali. Ki rubuta su biyun gefe da gefe a allo ki bar su nan har a tashi.

Ki yi da takardun kuɗi ma in kina da su. An ba shi 'yar 200 sau 3 ya samu 600, an amshe masa 'yar 200 sau 3, (-3) × 200, ya rasa 600. Hali huɗu ne duka babu na biyar.

Ɗan Mabera UDUS:

Baba Allah ya ƙara girma, wannan bayanin ya yi. Abin mamaki ma da bashin aka fara tun asali, wani masanin lissafi ɗan Indiya Brahmagupta a shekarar 628 da ya rubuta ƙa'idojin nan da kalmomin dukiya da bashi ya rubuta su. Mutanen Sin kuma tun kafin nan da 'yan sanduna suke yi, ja na abin da ke gare ka, baƙi na wanda ake bin ka.

Malama ni abin da ya sa na yarda da shi har zuciya jeri ne. Ki rubuta wannan ƙasa da ƙasa, kar ki ba su amsa su za su cike:

3 × (-4) = -12
2 × (-4) = -8
1 × (-4) = -4
0 × (-4) = 0

sai ki tsaya ki ce me kuka lura da shi a gefen dama, wani zai ce kowane layi ana ƙara 4, to sai ki rubuta (-1) × (-4) = ki miƙa ma wanda ya fi kowa surutu a baya alli. Ba shi da wata mafita sai ya rubuta 4, na gaba 8, na gaba 12, kin ga ba ke kika faɗa ba lissafin ne ya tilasta. Ina yi wa ƙannena lesin a gida da wannan kuma yana zama.

Wa yarinyar nan mai tambaya kuma ki ajiye mata wannan ita kaɗai bayan an tashi. 5 + (-5) sifili ne, komai sau sifili sifili ne, don haka (-3) × (5 + (-5)) = 0. In aka buɗe baka, wato aka ninka -3 da kowace lambar da ke cikin ( ), za a samu (-3) × 5 wato -15, da kuma (-3) × (-5). Me za a tara da -15 a samu sifili? 15 kawai. Da a ce amsar -15 ce da an samu -30 = 0, lissafi ya rushe kenan gaba ɗaya. Wannan buɗe bakar ita ce za su yi ta fama da ita a aljebra har jarrabawar BECE ta gama JSS3 da ta WAEC, gara ta saba tun yanzu.

Maman Twins Runjin Sambo:

Ni dai ba malama ba ce ina bibiya ne saboda yarana. Mu a lokacinmu cewa aka yi masoyin masoyinka masoyinka ne, maƙiyin masoyinka maƙiyinka ne, maƙiyin maƙiyinka masoyinka ne, kuma har yau ban manta ba, ba zai yi ba?

Tsohon Hedimasta Gidan Igwai:

Hajiya shina taimakawa wurin tunawa ranar jarrabawa, ban hana ba, amma shi ma hadda ce, ya halatta a ba su shi bayan sun gane ba kahin ba. In kin ba yaro (-4) + (-3) zai ce miki ai ga maƙiya biyu nan sun haɗu, mun koma gidan jiya. Kuma ni ban cika son cusa ma yara zancen maƙiya ba, wanda ke gari ya isa.

Malam Sabon Birni:

Ni zan ɗan saɓa kaɗan Baba a yi min afuwa. Misalin bashi na gwada shi a ajina, masu wayo sun kama amma wasu suka tsaya kan wai ya za a yi abu "sau mainos uku", sau ai ƙirge ne, kuma suna da hujja. Abin da ya fi min aiki lokaci ne. Tankin ruwan makaranta yana yoyo, kowace awa bokiti 2 na zubewa, wato -2. Nan da awa 3 ruwan ya ragu da bokiti 6, 3 × (-2) = -6. To awa 3 da suka WUCE fa, ruwan ya fi na yanzu ko bai kai ba? Ya fi da bokiti 6, (-3) × (-2) = +6. Yaron Sakkwato da ya san zafin watan Afrilu da layin 'yan garuwa ba sai an yi masa dogon bayanin tanki mai yoyo ba.

Ranar kuma na ja layi da alli a ƙasa daga bakin ƙofa zuwa taga na sa lambobi sifili a tsakiya, na sa wani yaro ya yi tafiya da baya na ɗauke shi bidiyo a waya, sannan na juya bidiyon yana komawa baya, suka ga yaron yana tafiya gaba sumul, wato mainos (tafiya da baya) sau mainos (juya bidiyo) ya ba da fulos. Ihu ajin ya ɗauka sai da firinsifal ya leƙo. Matsalar kawai waya ɗaya ce yara 60, sai da na bi layi layi ina nunawa rabin firiyod ya tafi a nan, ki yi shi in kina da dabul firiyod.

Malamar Lissafi Arkilla:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Yau na shiga da littafin bashi, na ari na mai shagon layinmu wanda ya cika ya daina amfani da shi na yage shafukan da ke da sunayen mutane. Yarinyar nan na naɗa mai shago, ta soke bashin kuwa har da cewa "je ka na yafe maka duniya da lahira", sannan muka yi jerin Ɗan Mabera. Na sake ba su tambaya 10 a gauraye tarawa da ninkawa, masu rubuta +7 sun dawo 11, na ƙirga. Bidiyon ban samu yi ba ba wuta tun jiya wayata ta mutu. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo, na sa (-2) × (-3) × (-1) a ƙarshe kusan duk sun rubuta +6, wai ai mainos sun yi yawa dole fulos. Na ce su yi biyun farko tukun su ga me zai fito sannan su ninka da na ukun, aka kaɗa ƙararrawa kafin mu gama. Gobe firiyod na farko nawa ne, Baba in an soke sokewar kuma me zan ce mai shago ya yi?